Daga Hantar Akuya Zuwa Jan Kafso: Tarihin Bitamin a Kudancin Kano

Idan rani ya tsufa, bazara ta kunno kai, rumbu ya yi ƙasa, Fulani sun kora shanu kudu, nono ya yi wuyar gani a kasuwa, akwai wata larura da mutanen karkara suka sani tun kaka da kakanni. Yaro zai wuni yana wasa lafiya lau, amma da an idar da sallar magariba sai ya fara lalube, ya yi tuntuɓe da turmi, ya kasa gane inda ƙwaryar tuwo take. Mace mai tsohon ciki ma takan shiga wannan hali. Dundumi ke nan. Ba ya zuwa da zazzaɓi, ba ya kwantar da mutum, shi ya sa ba a cika ɗaukarsa da zafi ba. Da damina ta sauka, tafasa da rama da zogale suka yi kore, shanu suka dawo, sai ya tafi da kansa.

Yau an san dalili. A can bayan ido akwai wani sinadari da ke kama ɗan hasken da ya rage bayan faɗuwar rana, kuma jiki ba ya iya haɗa shi sai da bitamin A. Jiki yana ajiye wannan bitamin a hanta, yana ɗiba kaɗan-kaɗan tsawon watanni. In ajiyar ta ƙare, ganin dare ne ke fara tafiya. In abin ya ci gaba, farin ido ya bushe, baƙin ido ya yi gyambo, daga nan sai makanta wadda ba ta warkewa. Mutanen dā ba su san sunan sinadarin ba, amma wasunsu sun gano maganin. Takardun likitancin Misira na kimanin shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa sun ambaci hanta a matsayin maganin mai kasa gani da dare, likitocin Girka ma suka maimaita. Wanda ya gasa hantar akuya ya ba yaro mai dundumi, ya ba shi ajiyar bitamin A ta wannan akuyar ne ɗungurungum.

Ƙasar da ake magana a kanta, wato daga Bebeji da Kiru a gangara Tudun Wada, a ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa da duwatsun Riruwai, ba ƙasar yunwa ba ce idan aka kwatanta ta da arewacin jihar. Ruwan sama ya fi yawa a nan, damina ta fi tsawo, itatuwa sun fi kauri. Akwai ɗorawa da kaɗanya da kuka da tsamiya da ɗinya. Kuma tsohuwar hanyar fatake daga Zazzau zuwa birnin Kano ta bi ta Bebeji. Bature matafiyi Hugh Clapperton ya ratsa garin a 1826, ya same shi babban gari mai ganuwa da kasuwa. Irin waɗannan hanyoyi ne kayan kudu ke bi su hau arewa, har da manja, wanda cikin duk abin da ake zubawa a tukunya a Afirka ta Yamma babu kamarsa wajen yawan sinadarin karotin, abin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A. Sai dai manja kayan saye ne. Man gyaɗa, wanda ya zama na kowa da kowa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano aka shiga noman gyaɗa gadan-gadan daga 1912, ba shi da wannan sinadari. Amfaninsa a wannan fanni shi ne maiƙo, domin karotin ɗin da ke cikin ganye ba ya shiga jiki sosai sai da mai. Matar da ta fara kwaɗa zogale da ƙuli-ƙuli ta yi wa jikokinta gata fiye da yadda ta sani.

A daidai shekarun da jirgin ke isowa Kano ne masana a Turai da Amurka ke gano cewa cika ciki dabam, ciyar da jiki dabam. Tun a 1747 likitan jiragen ruwa James Lind ya nuna lemo yana warkar da ciwon da ke zubar wa matuƙa haƙora. A shekarun 1890 Christiaan Eijkman ya lura a tsibirin Jaba cewa kajin da ake ba shinkafar da aka goge ta fes suna shanyewa, waɗanda ke cin mai dusa kuwa lafiyarsu ƙalau. A 1912 Casimir Funk ya raɗa wa waɗannan ɓoyayyun abubuwa suna, a 1913 kuma Elmer McCollum da Marguerite Davis suka ware wanda ke cikin man shanu da gwaiduwar ƙwai, shi ne aka kira A. Shekara guda bayan haka ƙasar Kano na fama da yunwar Kakalaba. Wanda ke haƙar gidan tururuwa neman tsaba ba ya tambayar bitamin, kuma an daɗe gwamnatin Turawa ba ta tambaya a madadinsa ba.

Sai wajen 1929 da 1930 wani likitan gwamnati da ke aiki a Katsina, W. E. McCulloch, ya wallafa bincike kan cimar Hausawa da Fulanin gida, yana cikin na farko da suka zauna suka auna abin da talakan Arewa ke ci. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu B. M. Nicol ya yi irin wannan aiki a tsakanin manoman Bida da Kontagora da Zuru. Rahotanni sun taru a ofisoshi. Abin da ya sa maganar ta fita daga takarda ta shiga ɗakin marasa lafiya shi ne ƙyanda.

Duk uwar da ta haihu kafin rigakafi ya yaɗu ta san baƙon dauro. Yana zuwa da rani, ya bi unguwa gida-gida. Yaron da ya tsira da rai, wani lokaci ba ya tsira da ido. Asibitin ido da mishan ta SIM ta buɗe a Kano a 1943, wanda yau ake kira asibitin ido na ECWA, ya ga irin waɗannan yara ba adadi, an kawo su daga ƙauyuka bayan aikin gama ya gama. A shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Hilton Whittle da John Sandford-Smith, suka bi diddigin gyambon ido da ke biyo bayan ƙyanda a yaran Arewa, suka wallafa sakamakon a 1979. Abin da ilimi ya tabbatar daga baya shi ne, ƙyanda tana cinye ɗan bitamin A da ya rage wa yaro cikin kwanaki kaɗan, a daidai lokacin da ba ya cin abinci, yana gudawa, kuma a wasu gidaje an hana shi nama da mai wai kada ciwon ya tsananta. Ga kuma magungunan gargajiya da ake ɗiga wa idon da ya riga ya yi rauni. Abin takaici, tun 1932 wani likita a Landan, Joseph Ellison, ya raba yara 600 masu ƙyanda gida biyu, ya ba rabi man hantar kifi: 11 suka mutu a cikinsu, 26 a ɗaya rabin. Aka manta da aikinsa fiye da shekara 50. A 1990 aka maimaita gwajin a birnin Kef na Afirka ta Kudu da yara 189. Cikin 12 da suka rasu, 10 ba su samu bitamin ɗin ba. Shi ya sa yau duk yaron da aka kai asibiti da ƙyanda ake ba shi bitamin A a ranar, a sake ba shi washegari.

Ana cikin haka ƙasar kanta tana sauya fuska. Gwamna Audu Baƙo ya gina madatsar Tiga a ƙasar Bebeji tsakanin 1971 da 1974, ruwan da ta tare ya kusa kubik mita biliyan 2. Ruwan ya gangara ta magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, aka fara ganin ɗanyen tumatir da tattasai da albasa a tsakiyar rani, ga kifi daga tafkin. Wannan ci gaba ne na gaske ga tukunyar miya. Amma duk wanda ya tsaya a Kwanar Gafan da kakar tumatir ya san inda kwandunan suka dosa: Legas. A kudu kuma, daga tsakiyar shekarun 1970, sabon irin masara da takin zamani suka mamaye gonakin da a dā dawa da gero ke ciki, har Doguwa da Tudun Wada suka shiga sahun manyan masu noman masara tare da maƙwabtansu na Saminaka. Masarar da aka rungume fara ce, domin ita ke yin tuwo mai kyan gani, kuma farar masara kusan ba ta da karotin. A wasu ƙasashe dogaro da masara ya jawo cutar da ke ƙona fata ta rikita hankali, irin wadda Joseph Goldberger ya bincika a kudancin Amurka daga 1914. Abin da ke tare mana ita, a babban ɓangare, gyaɗa ce da wake da daddawa. Haka nan shinkafar Tudun Wada: turara ta da mata ke yi kafin a kai inji yana tura bitamin B daga dusa zuwa cikin ƙwaya, don haka cutar kajin Eijkman ba ta samu wurin zama ba. Waɗannan kariya ba wani ofishi ne ya tsara su ba, kuma babu ofishin da zai lura ranar da suka fara zamewa.

Babban juyi ya zo daga nesa. Alfred Sommer, likitan ido daga Jami'ar Johns Hopkins, ya je Indonesiya ne don yaƙi da makanta. Da yake duba alƙaluman yaran da yake bibiya, sai ya ga masu ɗan dundumi sun fi sauran mutuwa, ba don ido ba, sai don gudawa da ƙyanda. Ya shirya gwaji a ƙauyuka 450 na yankin Ace, ana ba yara kafso ɗaya duk wata shida. Sakamakon da ya fito a 1986 ya nuna mutuwar yara ta ragu da kashi 34 cikin 100. Masana da yawa suka ƙi yarda, suka ce abin ya yi kyau fiye da kima. Aka sake gwadawa a wurare daban-daban. Wanda ya fi kusa da mu shi ne na Naborongo a arewacin Gana, ƙasar gero da dawa da dogon rani kamar tamu, inda aka bi yara fiye da 21,000. Rahoton 1993 ya nuna raguwar kashi 19 cikin 100. Dalili kuwa, bitamin A ne ke kula da fatar da ta lulluɓe hanji da hanyar numfashi, kuma garkuwar jiki ba ta tsayuwa daidai in babu shi. Gaskiya ta sa a ambaci cewa gwaji mafi girma, na yara miliyan guda a arewacin Indiya wanda aka wallafa a 2013, bai ga bambanci mai yawa ba, kuma har yau ana jayayya kan dalili. In aka haɗa duka, ragin yana wajen kashi 12 cikin 100. A ƙasar da yara ke mutuwa da yawa, wannan ba ƙaramin adadi ba ne ga abin da kuɗinsa bai kai na ƙullin gyaɗa ba.

Haka jan kafso ya shigo ƙauyukanmu. Shuɗi na jarirai ne daga wata 6 zuwa 11, ja na yara daga shekara 1 zuwa 5, ƙarfinsa ninki biyu. Ana yanke ɗan bakinsa da almakashi a matse man a bakin yaro. Ƙasar Kanada ce ke biyan kuɗin mafi yawansu, UNICEF ta rarraba. Binciken cimar ƙasa na 2001 zuwa 2003 ya nuna kusan kashi 30 cikin 100 na ƙananan yaran Najeriya na da ƙarancin bitamin A, don haka buƙata a fili take. Hanya mafi sauƙi ta kai shi kowane gida ita ce a ɗora shi a kan ayarin masu ɗigon shan-inna, waɗanda dama suna bin gida-gida. Dabara ce mai kyau, amma ta ɗaure ƙafar kafson da ta ɗigon da mutane suka fara zargi.

Ba a banza zargin ya samu gindin zama ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano; yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, shari'a ta ɗauki shekaru. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003 Dokta Ibrahim Datti Ahmed da Majalisar Ƙoli ta Harkokin Shari'a suka ce akwai abin hana haihuwa a ɗigon, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin, ba a dawo ba sai Yulin 2004 bayan an kawo magani daga Indonesiya. Tarihi ya fi tuna yadda shan-inna ta sake bazuwa zuwa ƙasashe da dama. Ba a cika tuna cewa ƙofar da aka rufe wa ɗigon an rufe ta ga kafson ba, ga kuma tsoron da ya shafi allurar ƙyanda. A farkon 2005 ƙyanda ta kashe ɗaruruwan yara a jihohin Arewa. Tambayar da magidanta ke yi a lokacin ba ta wauta ba ce: me ya sa ake bin mu har gida da maganin da ba mu nema ba, alhali in yaro na zazzaɓi muka je asibiti sai an rubuta mana mu sayo? Amsar da hukumomi suka bayar daga 2006 ita ce a riƙa zuwa da ƙarin abubuwa, sabulu da maganin tsutsar ciki da bitamin A, a kuma sa hakimai da dagatai da masu unguwanni a gaba. Daga 2010 aka kafa makon lafiyar mata da yara sau biyu a shekara, shi ne yanzu babbar hanyar da kafson ke isa Kafin Maiyaƙi ko Rahama ko Daɗin Kowa. Kano ta ga mai shan-inna na daji na ƙarshe a Sumaila a Yulin 2014. Yaƙin ƙarancin abinci kuwa bai da irin wannan ranar biki: binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu fiye da rabin yaran jihar sun tsumbure.

Akwai hanya ta biyu da gwamnati ta bi, wato zuba sinadarin cikin abin da kowa ke saye. Da gishiri abin ya yi nasara ƙwarai. An wajabta sa masa aidin a 1993, kuma da yake gishirin ƙasar daga 'yan kamfanoni kaɗan yake fitowa, cikin shekaru maƙoƙo ya ja baya. A 2002, zamanin Dora Akunyili a NAFDAC, aka wajabta sa bitamin A a man girki da sukari da fulawa da garin masara na kamfani, aka yi musu tambari mai hoton ido. Sai dai wanda ya tsara dokar yana kallon kantin birni ne. Matar Doguwa daga rumbu take ɗebo masararta ta kai injin unguwa. Manta na maƙwabciya ne mai ƙuli-ƙuli, ko na jarka da ba a san asalinsa ba. Sukarin da aka ƙulla a farar leda aka shanya a teburin mai shago, rana na cinye bitamin ɗinsa. Biredin mai shayi da taliya ne kawai ke kai mata ɗan rabo.

Yanzu sai ɗaya rabin labarin, wanda ya fi cika kantunan magani. A 1956 wani masani a Amurka, Denham Harman, ya kawo ra'ayin cewa tsufa da cututtukansa suna faruwa ne saboda iskar da muke shaƙa tana barin wasu burbushi masu cin ƙwayoyin halitta, irin aikin da ke sa ƙarfe tsatsa ko mai ya yi maƙaƙi in ya daɗe. Bitamin C da E da karotin da seleniyam suna cikin abubuwan da ke kashe kaifin wannan burbushi, su ake kira antiyoksidan. An kuma lura masu cin ganye da 'ya'yan itace da yawa ba su cika kamuwa da ciwon daji da na zuciya ba. Lissafin ya zo da sauƙi: a cire sinadarin a zuba a kwalba. Linus Pauling, mai lambar Nobel biyu, ya fito da littafi a 1970 yana yaba bitamin C, kasuwa ta buɗe.

Da aka zo gwaji sai lissafin ya rushe. A Finlan an bi maza masu shan taba fiye da 29,000. Rahoton 1994 ya nuna waɗanda aka ba ƙwayar karotin sun fi kamuwa da dajin huhu da kashi 18 cikin 100. A Amurka aka dakatar da irin wannan gwaji a farkon 1996 da aka ga ƙarin ya kai kashi 28. Wani gwajin na maza fiye da 35,000 ya nuna a 2011 cewa bitamin E ya ƙara dajin mafitsara na maza da kashi 17, seleniyam kuma bai kare kowa ba. Kada a ce wannan matsalar ƙoshin Turawa ce kawai. Masana sun daɗe suna zaton ciwon kumburin yara na tamowa daga wannan burbushi yake, sai aka ba yara fiye da 2,000 a Malawi garin antiyoksidan. Sakamakon 2005 ya nuna bai hana kumburin ba. A tsibirin Pemba kuma, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, an tsayar da ba yara sinadarin ayon da folik asid barkatai da aka ga masu sha sun fi kwanciya asibiti da mutuwa, domin ƙwayar zazzaɓin ma tana son ayon. Wannan darasi ya shafi duk ƙauyen da ke bakin ruwan Tiga: maganin ƙarin jini ga yaro sai tare da gidan sauro da maganin zazzaɓi. Jan kafson kansa, mai ceton yara, haɗari ne ga mace mai ƙaramin ciki, domin yawan bitamin A na iya nakasa ɗan tayi.

A ganina, duk wannan tarihi magana ɗaya yake yi. Inda jiki ya rasa wani abu, ƙwaya mai arha tana yin abin al'ajabi. Inda bai rasa ba, ko dai kuɗi ya tafi a fitsari, ko a jawo wata cutar. Gwajin folik asid na 1991, wanda ya rage nakasar lakar jarirai da kashi 72 cikin 100 a matan da suka taɓa haifar irinsu, yana gefe guda da zinki da aka amince da shi ga gudawar yara a 2004, da haɗin gyaɗa da madara da bitamin wanda likitocin ƙungiyar MSF suka ceci dubban yara da shi a Maraɗi a 2005. Kwalaben rage tsufa suna ɗaya gefen. Abin haushin shi ne na gefen farko kyauta ake bayarwa ko kusa da kyauta, kuma araha ba ta ado. Mace za ta karɓo ƙwayoyin awo ta jefa a ƙasan adaka saboda suna sa ta tashin zuciya ko tsoron kada ɗa ya yi girma ya ba ta wuya, mijinta kuma ya sayar da buhun masara ya sayo kwalba mai hoton 'ya'yan itacen da ba a taɓa gani a Kiru ba, daga hannun ɗan talla da ya ce tana maganin suga da hawan jini da rashin haihuwa. Lambar NAFDAC a jikin irin wannan kwalba tana nufin an duba ba guba ba ce. Da yawansu ɗauke suke da ƙaramin rubutu cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Ba a ma maganar sha-ka-fashe da 'yan mata ke haɗawa da sunan bitamin, alhali magungunan kumbura jiki ne.

Wahalar ita ce sanin abin da aka rasa, kuma nan ne likitocin yankinmu suka yi aikin da ya cancanci a sani. A Jos, can gaba da Doguwa, an daɗe ana ganin yara masu gwame da bauɗaɗɗun ƙafafu. Littattafan Turai sun ce rashin bitamin D ne, abin da ke da wuyar yarda a ƙasar da rana ba ta hutu. Tom Thacher da abokan aikinsa suka gwada, suka wallafa a 1999 cewa kalsiyam ne yaran suka rasa, domin cimarsu hatsi ce ba nono. Kalsiyam ya fi bitamin D shi kaɗai warkar da su.

Misali mafi kusa shi ne ciwon zuciyar masu jego. Tun shekarun 1970 Neil Davidson da Eldryd Parry suka ruwaito daga Zariya cewa kusan mace 1 cikin 100 na samun kumburi da haki bayan haihuwa, adadin da ya zarce na ko'ina a duniya. Aka ɗora laifin a kan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon wuta. A 1992 likitoci a Yamai suka lura jinin irin waɗannan mata na da ƙarancin seleniyam, sinadarin da Sinawa suka riga suka gano rashinsa ne ke kashe zuciyar mata da yara a yankin Keshan. Farfesa Kamilu Musa Ƙaraye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya ɗauki zaren. A 2015 ya nuna kimanin uku cikin huɗu na masu ciwon a Kano seleniyam ɗinsu ya yi ƙasa ƙwarai, mafi yawa matan karkara. Babbar rajistar da ya jagoranta a faɗin ƙasar ta nuna rama da talauci da rashin karatu da hawan jinin ciki sun fi al'adun jego alaƙa da cutar. Sannan a 2020 ya wallafa gwaji a kan mata 100 masu ƙarancin sinadarin: 46 sun sha maikrogiram 200 kullum na wata 3, 54 ba su sha ba. Haki da kumburi sun ragu sosai a masu sha. Ƙarfin bugun zuciya bai bambanta ba. Mata 3 suka rasu cikin masu sha, 9 a ɗaya ɓangaren, amma adadin ya yi kaɗan a yanke hukunci da shi, kuma masu binciken da kansu sun nemi a yi gwaji mafi girma. A lura, maikrogiram 200 ɗin nan shi ne daidai abin da aka ba mazan Amurka bai amfane su da komai ba. Yawansa kuma yana zubar da gashi ya lalata farce, don haka ba abin saye a kemis ba ne sai likita ya auna.

A 'yan shekarun nan hankali ya fara komawa gona. Daga 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙwayar masu ciki mai sinadarai 15 cikin jerin muhimman magunguna, ana kuma shigo da ita ɗakunan awo a hankali. Amma tun 2012 cibiyar IITA ta Ibadan da cibiyar binciken noma ta Samaru suka fitar da masara ruwan lemo mai ɗauke da karotin, aka kuma samu dankalin Hausa mai jan ciki, a Nijar kuma aka fitar da geron Chakti mai yawan ayon a 2018. Ga ƙasar da ta riga ta zama ta masara, wannan ce hanyar da ba ta jiran mota daga Kano ko jirgi daga Kanada. Cikas ɗinta ba na kimiyya ba ne. Manomin Tudun Wada yana shuka abin da dillalin Dawanau zai saya da daraja, kasuwa kuma ta saba kallon masara mai launi a matsayin abincin kaji, uwargida ma ba ta son tuwon da zai sa baƙo ya tambayi me aka zuba a ciki. Masu yaɗa irin sun gano ya fi saurin karɓuwa a koko da kunun yara da masarar gashi, inda launi ba abin kunya ba ne, don haka ta nan suka fara.